Shekarar da Muka Zama Masarawa

Na sha jin ku kuna ba wa baƙi labari wai na tsaya gaban Bature na ƙi bin umarninsa a kan masara. Har na ji wani jikana ya ƙara gishiri, wai na ɗaga masa bindiga. To, tunda Allah ya ba ni tsawon rai har ana gina mini ƙarya ina zaune, bari in gyara da hannuna kafin a kai ni inda ba zan iya musu ba. Babu Bature a cikin maganar, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Bindiga kuwa, tun ranar da aka sallame mu daga soja na mayar musu da abarsu. Wanda na ƙi bi Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, kuma shi ne mai unguwar ƙauyenmu. Wannan ya fi tsayawa gaban Bature wuya nesa ba kusa ba.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga masara daga Tudun Wada har Doguwa kamar da ita aka halicci ƙasar, sai na yi muku bayani. A lokacin, tun ba a yi madatsar Tiga ba, abincinmu dawa da gero, abin sayarwarmu gyaɗa. Masara abar bayan gida ce. Inda ake zubar da toka nan ake tsira kara ashirin ko talatin, don a sami abin gasawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero kuma bai nuna ba. Ba wanda ya ɗauke ta abinci, amma duk wanda ya san kwanakin marka ya san ita take riƙe cikin yara. Ni kuwa na ɗauke ta da zafi. Bayan na dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, wata tsohuwar Bafulatana a gindin duwatsun Doguwa ta ba ni kai uku na wata farar masara mai saurin nuna. Shekara takwas ina zaɓe. Kowace kaka sai in ware manyan kawuna masu miƙaƙƙun jeri, in ɗaure su da ɓawonsu, uwarku Asabe ta rataye su a saman murhunta don hayaƙi ya kori ƙwari. A shekarar da nake ba ku labari irin ya kai dami huɗu, na kuma ƙudura in damina ta zo zan shuka gona sukutum da shi, abin da ba a taɓa yi ba a wajenmu. Mutane na yi mini dariya, suna cewa soja ya dawo da ƙwaƙwalwarsa a juye. Ban damu ba, don na san abin da ke rataye a madafin Asabe babu irinsa daga Bebeji har Tudun Wada, in kuma ya salwanta babu inda zan sake samo shi.

Ana yankan dawa ke nan, ranar kasuwar Kiru, muna zaune ƙofar gidan Baffa bayan la'asar, sai ga Tanko mai jaki, wanda yake kai mana kaya kasuwa. Ko mangala bai sauke ba ya zube gaban Baffa yana haki.

"Ranka ya daɗe, an fara yaƙi. Ingila da Faransa sun haɗa kai da wata ƙasa, sun ce sai sun ƙone masara. Yanzu haka ana ta kama Masarawa."

Baffa ya ajiye carbinsa. "Su wane ne kuma Masarawa?"

"To, ranka ya daɗe, Dukawa masu aikin fata, Sarkawa masu kamun kifi. Masarawa kuwa ai masu masara ke nan. A Kiru da idona na ga mutum yana binne tasa."

Sai aka juya ga Liman, don shi ne mai karatun cikinmu. Na ɗauka zai kashe maganar, ashe shi zai hura ta.

"Misira dai gari ne, yana cikin Alƙur'ani, can Annabi Yusufu ya zauna," in ji shi. "Amma mun ji daga iyaye cewa daga can alhazai suka zo da irin, shi ya sa ake ce mata masara. In Bature yana yaƙi da uwar, ba mamaki ya nemi 'yar."

Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Ba murmushi ba, dariyar bariki, har da bugun cinya. Ku rubuta wannan ku ajiye: a duk abin da ya faru shekarar nan, dariyar nan ce kaɗai laifina, kuma har yau ina jin kunyarta. Na yi wa uban da ya riƙe ni dariya a gaban talakawansa. Da na lura sai na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ce musu Masar ƙasa ce, da ƙafata na ratsa ta, ko in ce da jirgin ruwa. Da za a dawo da mu daga Bama an bi da mu ta wani dogon rafi da aka haƙa da hannu a tsakiyar rairayi, jirgi yana tafiya a hankali kamar saniya mai ciki, mutanen ƙasar suna biyo mu cikin ƙananan jirage suna tallar lemo da dafaffen ƙwai. Su ne Masarawa. In yaƙi ake yi, to, a kan rafin nan ne, don ta nan kayan Bature suke bi.

Baffa bai ko dube ni ba. Ya ce, "Kai ka ga rafi daga kan jirgi. Ni na ga abin da Bature yake yi in ya yi fushi."

Ba na so ku ɗauki Baffa wawa, don ba wawa ba ne. Lokacin yaƙin Hitila, ina can bakin daga, shi aka tilasta ya zaɓi mutanen da za a kai aikin kuza a kan duwatsu. Da bakinsa ya kira sunayensu, wasu kuma ba su dawo ba, kullum yana wucewa ta ƙofar matansu. Tun daga nan ya yi wa kansa alkawari ba zai sake bari a sami hanyar taɓa mutanensa ba. Ga shi kuma an aiko cewa Di'o, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai fito rangadi ta wajenmu cikin kwanakin. A wurin Baffa, 'yan kawunan masara ba su kai ran mutum ɗaya ba. Nan take ya yanke: jibi da hantsi kowane gida ya kawo irinsa ƙofar gidansa a ƙone.

Washegari da sassafe na hau kekena na nufi Bebeji, inda wani tela, Malam Garba, yake da akwatin rediyo mai batir. Na tarar da jama'a cike da rumfarsa suna jiran labaran Hausa, kowa ya zama janar. Wannan ya ce Masar ta gama yawo, ƙasa uku a kan ɗaya. Wancan ya ce ai maƙwabciyarta, Isra'ila, ta riga ta shigo ta hamada, Ingila da Faransa kuma suna zuba wuta ta sama, kafin Juma'a an gama. Tela da kansa ya ce wanda ya kayar da Hitila ai ba Masar ce za ta gagare shi ba. Ni dai tambaya ɗaya na zo da ita, na kuma kasa kunne har mai labarai ya amsa ta: Amurka tana ciki? Sai na ji ya ce Amurka ba ta tare da su, ta ma ce a tsaya, Rasha kuma tana ta kumfar baki tana goyon bayan Masar.

Wallahi a take na ji wani sanyi ya sauko mini. Mutanen rumfar nan sun san Bature a kan doki da farar hula. Ni na san shi a dajin Bama yana rawar ɗari, yana kallon sama yana jiran jirgi ya sako mana abinci da laima. Direba nake, na san motocin da muka tuƙa daga ina suka zo, na san gwangwanayen da muka buɗe na wane ne. Ingila ta ci yaƙin nan ne da babban yaya, wato Amurka, a bayanta. Yanzu ta fito ba tare da shi ba, shi kuma yana ce mata ta koma gida. Na ce wa tela wannan yaƙin ba zai yi wata ba. Aka yi mini caa, wani ya ce in yi hankali da bakina kada 'yan doka su ji. Da jama'a suka ragu na matsa kusa da shi na tambaye shi ko rediyo ta taɓa ambaton masara, ta ci. Ya yi dariya har allura ta soke shi, amma da ya gama ya ce mini a ƙauyukan bayan gari ma wasu sun ɓoye tasu.

Na dawo na sami Baffa shi kaɗai a zaure. Na cire takalmi, na durƙusa, na fara da ba shi haƙuri a kan dariyar jiya, sannan na zayyana masa duk abin da na ji. Ya saurara har na gama.

"Rediyon ta ce ba za a kama masu masara ba?"

"Baffa, ko sunan masara ba ta ambata ba."

"To, ka gani. Ba ta ce ba za a kama ba."

"Ka ba ni kasuwa biyu, Baffa. In yaƙin nan bai tsaya ba, da hannuna zan cinna wa irin wuta."

"Kafin kasuwa biyu Di'o ya zo. Sale, in na bar naka, da wane baki zan karɓi na Tanko? Gobe ka kawo."

Gari ya waye, hantsi ya yi, aka tara. Baffa ya fara ajiye nasa, don shi ba ya sa mutane abin da bai yi ba. Gida gida aka riƙa kawowa, wasu dami, wasu kai biyar a ƙwarya. Aka sa wuta. Masara ta kama fashewa tana tsalle, ƙanshi ya cika gari kamar ana shagali, tsofaffin mata kuwa suna tsaye daga nesa suna share hawaye, don wasu irin tun na kakanninsu ne. Ina tsaye hannu biyu babu komai. Baffa ya kira sunana sau ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ba zan iya ba." Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidana, gari duka a bayansa.

Yanzu ga gaskiyar da ba ku sani ba. Na riga shi isa na tsaya a ƙofa, amma da ya iso zaurena, na kauce. Ni da na yi shekaru ana harbina ban gudu ba, na kasa tare wa tsoho ƙofa. Na matsa gefe ya wuce, na bi shi a baya ina jin shekara takwas suna zubewa. Jama'a suka tsaya a waje, don ba mai shiga gidan mutum, amma Baffa uba ne, gidan nasa ne.

Abin da bai lissafa ba, ni ma ban lissafa ba, shi ne Asabe. Ku yaran yanzu da kuke cin abinci da surukanku a kwano ɗaya ba za ku san nauyin abin ba. Shekara goma da aurenmu, Baffa da Asabe ba su taɓa haɗa ido ba. In zai shigo sai ya yi gyaran murya daga zaure, ita kuma ta ja mayafi ta shige ɗaki, daga can ta gaishe shi. Ba ta ambaton sunansa, ba ta ci a gabansa. Shi kuma ko kusa da inda take zaune ba ya zuwa, ballantana ya shiga madafinta ya miƙa hannu ta saman kanta. Ranar nan da hantsi, lokacin da ba mai girki, ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta zauna a ƙarƙashin irin daidai, ta ba ƙofa baya.

Baffa ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya. Ba ta motsa ba. Ya sake. Muciya kawai muke ji tana bugun tukunya. Ya yi na uku, har da tari. Sai ta yi magana, ba ta juyo ba, kamar da bango take.

"Malam, a gaya wa Baffa ina gaisuwa. Ina kan tuƙi, in na tashi zai yi gudaji."

Baffa ya dubi sama. "A gaya mata ina amsawa. Zan jira."

"A gaya masa tuwon yau mai daɗewa ne."

Ni ne ɗan aiken, ina tsaye tsakaninsu, taku uku daga kowa, ban isar da ko kalma ɗaya ba. Ta tuƙa tuwon nan har ya yi, ta ƙara ruwa, ta sake tuƙawa. Itace ya cinye, ta ƙara. Rana ta take, inuwa ta gudu daga tsakar gida, gumi yana bin gemun Baffa, ga masarar yana kallonta a rataye, ba ta fi tsawon sandarsa biyu daga inda yake ba. Ya kasa. Abin da ya hana ni tare shi, shi ya hana shi wuce ta. Sai da Liman ya kira azahar sannan ya juya. A bakin zaure ya tsaya, ya ɗaga murya don na waje su ji.

"Sale, daga yau ka fita gandu. In an zo kama Masarawa, ni da kaina zan nuna gidanka."

Fita gandu a lokacin ba wasa ba ne. Gonakin da na yi wa bauta tun ina yaro, da fadamar da nake rake, duk suka bar hannuna a jimla ɗaya. Da na shiga madafi na tarar da Asabe tana sauke tukunya. Ta ce mini, "Malam, in ƙaryarka ce a kan Amurkan nan, ka kashe ni da kunya a banza." Muka ci tuwon nan kwana biyu, ya yi tauri kamar turmi.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya yi mana sallama. A masallaci sai na ga fili a dama da hagu. Masarawa aka koma ce mana, ni da iyalina. Ba na ɓoye muku, na tsorata. Na san ba mai zuwa kama masara, amma na ɗaura mutuncina a kan yaƙin da ake yi a wata duniya, in Ingila ta ci gaba da ci, ba mai sake saurarena a garin har in mutu. Kafin kasuwa ta biyu ta zagayo na kasa haƙuri, na sake hawa keke. Tun daga nesa na hango tela ya fito daga rumfa yana ɗaga mini almakashi.

"Soja! Sauko, sauko! An tsaya! Babban yaya ya hana su kuɗi da mai, sun ajiye bindiga!"

Ku sani, a fagen fama an bugi Masar, ba ƙarya. Amma masu bugun ba su da wanda zai riƙe musu ƙugu, ita kuwa tana da shi, kuma ba a daɗe ba suka kwashe kayansu suka bar mata rafinta. Ranar nan ban san yadda na iso gida ba. Tun daga bakin gari na ɗora yatsa a kan ƙararrawar keke ban ɗauke ba, na zaga kasuwa, na zaga masallaci, na wuce ta baƙin gurbin da aka yi ƙuna, ina faɗa wa duk wanda na gani. Asabe, wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi. Di'on ma bai zo ba, wani malaminsa ya aiko. Da ya ga tokar ya tambaya, Baffa ya ce shara aka ƙone.

Da hadari ya fara haɗuwa sai ga masu sallama. Tanko ne na farko, yana sosa ƙeya, wai a Kiru ma ashe mutumin da ya gani dankali yake binnewa. Liman ya zo, ya ce shi dama cewa ya yi ba mamaki, bai ce tabbas ba. Na ba kowa kai biyar, ban hana ko mutum ɗaya ba, amma sai da na sa kowannensu ya gaya mini su wane ne Masarawa. Kada ku ga laifina, na sha wuya. Abin da ya rage na kai sabuwar gonar da na sare a daji ta wajen kudu, baƙar ƙasa da ba a taɓa sa mata fartanya ba. Masarar ta tashi ta fi ni tsawo, kowane kara da goyo biyu. Mutane suka riƙa tahowa daga Tudun Wada don su ga gonar da ba dawa ba gero. Duk farar masarar da mutanen wannan gari suka ci bayan shekarar nan daga madafin uwarku ta fito.

Baffa kaɗai bai zo ba, ni kuma girman kai ya hana ni aikawa. Bai mayar da ni gandu ba har ya rasu, ban kuma roƙa ba, wannan ne kuɗin dariyata. Daminar nan bayan gidansa ya zauna fayau, sai ciyawa. Gero ya yi jinkiri, marka ta zauna, ina jin labarin yadda ake rage tuwo a gidansa. Ranar da na fara karya masara, Asabe ta zaɓi mafi kyau ta cika kwando, ta ajiye a gabana, ta ce nunan fari na uba ne, in ba zan kai ba ita za ta kai, in ya so a ƙara wata kunyar a kan ta bara.

Na ɗauka na tafi. Na same shi a zaure, ana yayyafi. Na durƙusa na ajiye kwandon, na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya bi jerin da yatsa tun daga gindi har kai, ya danna farce, ruwa ya fito fari. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya yi kira cikin gida, a hura wuta a gasa wa yara.

Na miƙe zan tafi, har na kai bakin ƙofa, ya ce, "Sale."

"Na'am, Baffa."

"In ta bushe ka ware mini kai goma na iri."

"To, Baffa. Zan kawo maka da kaina."

"A'a, kada ka kawo nan," in ji shi, yana share ido da bakin rawani. "Ka ba mutuniyar gidanka ta rataye mini a wajenta. Ni ba ni da amanar iri."